Yaushe karkacewar ƙashin baya ga babba ke buƙatar tiyata?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 63. Shekara uku ke nan bayanta yana karkacewa gefe guda, yanzu kuma ta fara ranƙwafawa gaba. An ɗauki hoto, an ce digiri 38 ne. Daga ɗakinta zuwa ƙofar gida kawai, sai ƙafar dama ta riƙe, ta nemi wurin zama. Tana da ciwon suga. Likita ɗaya ya ce a yi aiki a sa ƙarfe, wani kuma ya ce a bar ta a kan magani da gashi. Maganar wa za mu bi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Saɓanin likitocin nan biyu ba abin mamaki ba ne, domin a irin wannan ciwo lambar da ke kan hoto ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Ga yaro mai tasowa, lamba ce ke jan ragama: idan karkacewar ta kai digiri 45 zuwa 50 alhali bai gama girma ba, ana maganar aiki ko da babu inda ke yi masa ciwo. Babba kuwa, da halin da yake ciki ake aunawa. Akwai dattijuwa mai digiri 50 da ke zuwa unguwa da ƙafarta, akwai mai digiri 25 da ba ta iya tsayuwar raka'a biyu. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, an ɗauki hoton bayan dattawan da suka haura shekara 60, aka tarar kashi 68 cikin ɗari suna da karkacewar da ta wuce digiri 10, wato iyakar da likitoci ke fara kiran abin karkacewa. Mafi yawan masu irin wannan ba su taɓa buƙatar wuƙa ba.

Abu na farko shi ne a san irin karkacewar. Wadda aka fi gani a shekarun Hajiya ita ce ta tsufa. Faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya yana bushewa ya zaizaye, amma gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, sai gaɓar sama ta kwanta wa wancan gefen, ta ɗan juya, wani lokaci ma ta zame. Yawanci a ƙasan baya take, tsakanin gaɓoɓin da takardar hoto ke kira L1 zuwa L5, kuma ba ta cika yin girma sosai ba. Akwai kuma wadda mutum ya taso da ita tun yana saurayi ko budurwa, ba a lura ba sai da shekaru suka ja. Wannan an san halinta daga bin diddigin da aka yi wa marasa lafiya na shekara 50 a jihar Ayowa ta Amurka: wadda ba ta kai digiri 30 ba lokacin da aka gama girma ba ta cika ƙaruwa ba, wadda ta haura 50 a ƙirji kuwa tana ƙara kusan digiri ɗaya a shekara. Sai doron da ke biyo bayan karayar gaɓoɓi saboda raunin ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada da masu yawan shan deksametazon ko furednisolon ba bisa ƙa'ida ba.

A ƙasarmu akwai na huɗu da bai kamata a tsallake shi ba, wato tarin fuka na ƙashin baya. Yana cinye gaban gaɓa ɗaya ko biyu, su rufta, sai wani ƙullutu mai tsini ya fito a gadon baya. Idan akwai zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, ko ciwon da ke hana barci ko an kwanta lamo, to a ajiye maganar ƙarfe tukuna, a yi hoton MRI, wanda ke nuna laka da jijiyoyi, da gwajin jini, in ya kama a ɗebo samfuri daga wurin a gwada. Maganinsa na asali ƙwayoyi ne, kuma a tsarin Najeriya na wata 12 ne: wata 2 ana shan haɗin magunguna huɗu, wata 10 ana shan biyu, kyauta a cibiyoyin tarin fuka. Aiki yana shigowa ne idan ƙafafu suna mutuwa duk da magani, ko ƙashin ya rasa tsayuwa, ko doron ya doshi digiri 60, domin irin wannan tsini yana iya goge laka a hankali har ƙafafu su shanye bayan shekaru. Haka nan duk macen da ta taɓa yin dajin mama, ko namijin da ke da dajin ƙwayar prostate da ke ƙarƙashin mafitsara, sabon ciwon baya gare su ana ɗaukarsa da zargin cutar ta kai ƙashi har sai hoto ya wanke shi.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya, kuma ya kamata kowa a gidan ya san su. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninta ba. Bayan gida ya kuɓuce mata. Tsakanin cinyoyi da wurin zama su sage, har ta yi tsarki ba ta ji ruwan ba. Ƙafafu biyu su yi rauni cikin 'yan kwanaki. Wannan yana nufin damin jijiyoyin da ke ƙasan laka ya matsu, kuma ana son a buɗe masa hanya cikin awa 24 zuwa 48. Wanda ya wuce haka yana iya rayuwa da robar fitsari. Kusa da wannan akwai faɗuwar tafin ƙafa: ta kasa ɗaga yatsun ƙafarta sama, silifas ya riƙa zamewa, tana tuntuɓe a dokin ƙofa. Raunin da ke ƙaruwa mako bayan mako dalilin aiki ne ko da karkacewar ƙarama ce, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo ba.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, to akwai lokacin yin tunani, kuma tunanin yana farawa ne da hoto mai kyau. Tambayi yadda aka ɗauki hoton da ya ba da digiri 38. Idan a kwance aka ɗauka, ko ƙasan baya kawai aka ɗauka a ƙaramin fim, bai isa a gina shawara a kansa ba, saboda kwanciya tana rage karkacewa, ranƙwafawa kuma ba ta bayyana yadda take a tsaye. Abin da ake buƙata shi ne hoton dukan ƙashin baya a tsaye, daga wuya har kan ƙasusuwan cinya, ɗaya ta baya ɗaya ta gefe, gwiwoyi a miƙe, yatsun hannu a kan ƙashin wuya, ba ta dafa komai ba. Awon digirin nan, wanda likitan ƙashi John Cobb ya tsara a 1948, yana da kuskuren da ya kai digiri 5 tsakanin mai awo da mai awo. Don haka idan bara 35 ce bana 38, ba a ce ta ƙaru ba. Idan ta tashi daga 28 zuwa 38 cikin shekara biyu, wannan ƙaruwa ce ta gaske. Abubuwan da ke nuna za ta ci gaba sun haɗa da digirin da ya haura 30, da gaɓar da ta zame gefe da milimita 6 ko fiye, da juyawar gaɓoɓi mai yawa. Duk tsohon hoton da kuke da shi, ku adana shi.

Hoton gefe ya fi na baya muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Likita yana sauke layi daga gaɓar wuya ta bakwai, kamar yadda magini ke sakin igiya mai dalma don ya ga ko bango ya tsaya. A lafiyayyen mutum layin yana sauka kusa da bayan gaɓar S1, wato wadda ke ƙasan L5, bai wuce santimita 4 gaba ba. Daga 4 zuwa 9.5 matsakaiciyar ranƙwafawa ce, sama da 9.5 mai tsanani. A takarda za ka ga an rubuta SVA. Tun 2005 bincike ya nuna cewa wannan faɗuwa gaba ta fi karkacewar gefe alaƙa da ciwo da gazawa. Dalili a fili yake: wanda kansa ya wuce ƙugunsa gaba, tsokar bayansa ba ta hutawa muddin yana tsaye. Jiki yana ƙoƙarin ɓoye abin, ya mayar da ƙugu baya, ya lanƙwasa gwiwa, shi ya sa za ka ga tsohuwa tana tafiya gwiwa a karye, cinyoyi na zogi, bayan minti goma ta dafa bango. Ana auna wannan mayar da ƙugu ma, shi ne PT, kuma ana son kada ya wuce digiri 20. Awo na uku shi ne daidaito tsakanin siffar ƙashin ƙugu, wadda ba ta canzawa bayan an girma, da lotsawar ƙasan baya. Ana rubuta su PI da LL, kuma tazarar da ke tsakaninsu bai kamata ta wuce digiri 10 ba. Waɗannan iyakoki suna cikin tsarin rarrabewa na 2012 da likitocin ƙashin baya ke amfani da shi. Amma daga baya an gane cewa ɗan shekara 70 ba a mayar da shi tsayuwar ɗan shekara 30. Idan aka miƙar da tsoho fiye da kima, ƙashin da ke saman ƙarfen ne ke biyan bashin.

Wani abu da ke rikitar da mutane: ba kowace ranƙwafawa ce ta ƙashi ba. Wanda ramin jijiyoyinsa ya ƙuntata yana sunkuyawa da kansa, domin sunkuyo yana faɗaɗa ramin, ƙafa ta samu sauƙi. Gwajin mai sauƙi ne. A kwantar da Hajiya rigingine a kan shimfiɗa mai tauri na minti biyar zuwa goma. Idan bayanta ya miƙe, kanta ya taɓa ƙasa ba tare da tulin matasai ba, to ranƙwafawar mai laushi ce, kuma wataƙila buɗe wa jijiya hanya zai miƙar da ita. Idan ta ƙage a yadda take, ƙashin ne ya sandare a haka, gyaransa kuma sai da sassaƙa ƙashi. Masu cutar karkarwa ta Fakinsan ma suna ranƙwafawa sosai a tsaye su miƙe a kwance, kuma ƙarfe yana yawan ba da matsala a jikinsu.

Yanzu ga ƙafar da ke riƙewa, wadda a ganina ita ce zuciyar tambayarka. Bayanin da ka yi, tafiya kaɗan sai ƙafa ta riƙe, a zauna ta saki, ya yi kama da matsewar jijiya a ƙasan baya. A cikin lanƙwasar, ta gefen da ya lotsa, ƙofofin da jijiyoyi ke fita suna tsukewa. Idan zogin yana gaban cinya zuwa gwiwa, ana zargin jijiyar L3 ko L4. Idan yana bin gefen ƙafa zuwa babban yatsa, L5 ce. Amma Hajiya tana da suga, don haka dole a tantance abu biyu kafin a ɗora wa baya laifi. Na farko toshewar hanyoyin jini na ƙafa: wannan yana kama sha-raɓa, yana sakin mutum da ya tsaya cak ko bai zauna ba, kuma bugun jini a tafin ƙafa yana raunana. Na biyu lalacewar jijiyoyi ta suga, mai sa tafin ƙafa biyu zafi ko sagewa dare da rana, ko ana tafiya ko ba a yi. A duba kwatangwalo da gwiwa kuma. An sha yi wa baya aiki alhali kwatangwalo ne ya cinye. MRI zai nuna inda jijiyar ta matsu, kuma idan ana shakka, ana iya yin allurar kashe zafi a kan jijiyar da ake zargi ƙarƙashin na'urar hoto. In ciwon ya ɗauke na 'yan awanni ko kwanaki, an gano mai laifi.

Wannan bambanci yana da nauyi saboda tiyata ta fi iya maganin ciwon ƙafa fiye da ciwon baya. Wanda babban kukansa ƙafa ce, kuma hoto ya nuna matsewar da ta dace da inda yake nunawa, shi ne ya fi fita da murna. Wanda kukansa ciwon baya ne ko'ina da ko'ina, ba ranƙwafawa, ba matsewar jijiya, shi ya fi yin da-na-sani.

Kafin a kai ga wuƙa, ana ba magani da gashi haƙƙinsu na wata 3 zuwa 6, kuma a yi su da gaske. Gashi a nan ba ɗumama baya da fitila ba ne kawai. Ana nufin motsa jiki na ƙarfafa tsokar ciki da baya da ɗuwawu, da miƙar da tsokar gaban cinya da ta ɗaure, sau uku ko fiye a mako, ƙarƙashin ma'aikacin gashi da ya ga hoton. Keken motsa jiki na tsaye yana yi wa masu matsewar jijiya daɗi, domin a sunkuye ake tuƙa shi. Sanda ko abin dafawa mai taya ba abin kunya ba ne. Farasitamol shi ne na farko. Daikulofenak da ibufurofen suna aiki, amma ga mai suga 'yar shekara 63 suna iya taɓa ƙoda da tayar da gyambon ciki, don haka na 'yan kwanaki ne, bayan an duba ƙodar. Tiramadol na kullum yana ɓata sakamakon aikin da za a yi nan gaba. Bel ɗin baya yana rage zogi na ɗan lokaci idan za a yi doguwar tsayuwa, amma ba ya miƙar da ƙashin babba, kuma ɗaura shi yini guda yana kashe tsoka. Ja da danna na masu ɗori ba ya gyara wannan, yana ma iya karya gaɓar da ta riga ta yi rauni.

Gaskiyar da ya kamata ku sani ita ce, duk wannan yana riƙe mutum ne a inda yake, ba ya cika ɗaga shi sama. Babban binciken da ya gwada hanyoyin biyu an wallafa shi a 2019, a kan mutum 286 'yan shekara 40 zuwa 80 a Amurka da Kanada, masu karkacewar ƙasan baya ta digiri 30 ko fiye. Bayan shekara biyu, waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙi a fili, waɗanda ba a yi wa ba kuma a dunƙule suna nan yadda suke. Shawarar masu binciken ta dace da hankali: wanda ya gamsu da halin da yake ciki a bar shi, amma ya san ba lallai ya ƙara samun sauƙi ba, wanda bai gamsu ba kuma yana neman canji, aiki ne hanyarsa. Ka lura, gamsuwar mai ciwon ake nufi. Sau da yawa 'ya'ya ne ke damuwa da ganin uwa a karkace, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne ta iya zuwa gidan suna ta dawo. A tambayi Hajiya ita kaɗai, ba a gaban taron 'ya'ya ba: me kike son yi da ciwon nan ya hana ki? Minti nawa kike iya tsayuwa? Idan haka za ki zauna har shekara goma, kin yarda?

Kalmar "aiki" kuma tana ɓoye abubuwa uku masu nisan tazara, kuma ina zargin a nan ne likitocinku suka rabu. Mafi ƙanƙanta shi ne buɗe wa jijiya hanya kawai, a cire ɗan ƙashi da jijiyar nama mai kaurin da ke danne ta, ba ƙarfe. Awa ɗaya zuwa biyu, jini kaɗan. Ya fi dacewa da wanda karkacewarsa ba ta kai digiri 30 ba, gaɓoɓin ba su zame ba, bai ranƙwafa ba, kuma ƙafa ce kawai ke damunsa. Haɗarinsa shi ne, idan aka yi shi a tsakiyar lanƙwasa mai motsi, an rage wa ƙashin madogara, karkacewar ta ƙaru, ciwon ya dawo cikin shekara ɗaya ko biyu. Na tsakiya shi ne a buɗe jijiyar sannan a haɗe gaɓa biyu ko uku da kusoshi da sanduna, sau da yawa L4 da L5 ko har S1, a sa ɗan akwati a gurbin faifan da ya cinye don a ɗaga ƙofar jijiyar. Na uku shi ne babban gyara: daga gaɓar ƙirji ta goma har ƙashin ƙugu, kusoshi wajen 20, sanduna biyu ko fiye, aikin awa 6 zuwa 10, jinin da ke zuba yana iya kai lita 2 ko fiye. Idan bayan ya sandare sai an sassaƙa ƙashi. Ƙaramar sassaƙa a bayan gaɓa tana ba da kusan digiri 10 a kowane mataki, babbar da ake yanke gaɓa ɗaya kamar tsinin gatari tana ba da 30 zuwa 35, amma ita ce ta fi zubar da jini da taɓa jijiya.

Babban gyaran nan yana daga cikin ayyuka mafi nauyi a fannin ƙashi, kuma alƙalumansa ba sa ɓoyuwa. A wani bincike na 2011, matsaloli sun samu kashi 17 cikin ɗari na 'yan shekara 25 zuwa 44, kashi 42 na 'yan 45 zuwa 64, kashi 71 na 'yan 65 zuwa 85. Abin lura, tsofaffin ne kuma suka fi samun sauƙi, domin su suka fi shiga wahala tun farko. Don haka shekaru kaɗai ba sa hana aiki. A wani binciken ƙasa da ƙasa kan ayyuka mafi wuya, kusan kashi 22 sun bar asibiti da ƙarin rauni a ƙafa, bayan wata 6 adadin ya sauko kusan kashi 11. Waɗannan alƙaluma daga manyan cibiyoyi ne masu kayan aiki.

Matsalolin da ke zuwa daga baya guda biyu ne manya, kuma kowacce da dalilinta. Ƙarfe ba shi ne maganin ba, riƙo kawai yake yi kafin gaɓoɓin su haɗe su zama ƙashi ɗaya, abin da ke ɗaukar wata 6 zuwa 12. Idan ƙashin ya ƙi haɗewa, sandar tana ta lanƙwasuwa kaɗan kaɗan a kowane taku har ta gaji ta karye, yawanci a shekara ta farko zuwa ta uku, kuma an fi ganin haka tsakanin L5 da S1 da inda aka yi babbar sassaƙa. Taba, suga marar saiti, da rashin abinci mai gina jiki su ke jawo wannan. Ta biyu ita ce ruftawar gaɓar da ke saman inda ƙarfe ya ƙare. Ƙasa ya zama sanda guda, sama yana motsi, duk nauyi ya taru a mahaɗar. A hoto ana ganin alamarta ga kashi 20 zuwa 40 na marasa lafiya, ko da yake kaɗan daga cikinsu ne ke buƙatar a sake buɗewa. Raunin ƙashi da miƙarwa fiye da kima su ne manyan masu haddasa ta. Sai ƙwayar cuta a ciwon, daskarewar jini a ƙafa, da yagewar rigar laka.

Shi ya sa tambayar ko tana buƙatar aiki take tafiya tare da tambayar ko jikinta zai ɗauka. Ga Hajiya, awon suga na wata uku, HbA1c, ya kamata ya sauko ƙasa da 7.5 ko aƙalla 8 kafin a sa rana. A yi awon ƙarfin ƙashi na DEXA. Maki na -2.5 ko ƙasa da haka raunin ƙashi ne, kuma a auna a kwatangwalo ko tsintsiyar hannu, domin ƙashin baya mai tsiron tsufa yana ba da sakamakon ƙarya mai kyau. Inda babu wannan na'ura, hoton CT ma yana nuna taurin gaɓa. Kusa a ruɓaɓɓen ƙashi ba ta kamawa, don haka ana fara jinyar ƙashin na wasu watanni, da bitamin D da sinadarin kalsiyam da maganin da likita ya zaɓa. A gyara ƙarancin jini, a duba zuciya da ƙoda, a san rukunin jini da jinotayif, a tanadi masu ba da jini. Mai shan taba ko shaƙar ta ya daina aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki. Wadda ba ta iya tashi daga kujera sai an ɗaga ta, tana ramewa, hannunta ba ƙarfi, babban gyara zai fi cutar da ita fiye da karkacewar.

Akwai kuma farashin da ba a cika faɗa a ɗakin likita ba. Wanda aka haɗe masa baya har ƙashin ƙugu ba zai sake lanƙwasa ƙasan bayansa ba har abada. Zama a tabarma, tsuguno a masai, wanke ƙafa a alwala, tsarki, ɗaukar abu daga ƙasa, duk sai an sake koyonsu, wasu kuma sai da taimako. Dole a tanadi masai na zama da gado mai tsayi kafin ta dawo gida. Sujada a ƙasa tana iya gagara na watanni ko dindindin, ko da yake shari'a ta sauƙaƙa, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa. A wata 3 na farko babu sunkuyo, babu murɗa jiki, babu ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, kuma hawa babur ko doguwar tafiya a hanya mai gargada ba nata ba ne. Ya kamata ta ji duk wannan da kunnenta kafin ta sa hannu.

Inda za a yi aikin ma yana cikin hukuncin. Ku tambayi likitan kai tsaye: irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, daga wace gaɓa zuwa wace zai haɗe kuma me ya sa, akwai na'urar da ke sa ido kan laka da jijiyoyi yayin aiki, akwai ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini, kuma idan sanda ta karye bayan shekara biyu wa zai gyara, da kuɗin wa. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa wurare ne da za a fara neman ra'ayi na biyu, kuma a Afirka ta Yamma asibitin FOCOS da ke Akara, wanda Dakta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, ya yi suna a gyaran karkacewa mai tsanani. Masu tafiya Indiya ko Masar su tabbatar akwai likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ta, domin ana bibiya da hoto a mako 6, wata 3, wata 6, shekara ɗaya da shekara biyu, kuma su dawo da takardar da ta faɗi sunan kamfanin ƙarfen da girmansa. Kuɗin babban gyara miliyoyin naira ne, kuma wanda ya sayar da gona don aikin farko ya tuna akwai yiwuwar na biyu.

Game da Hajiya, bisa abin da ka rubuta kawai, ban ga dalilin gaggawa ba matuƙar fitsari da bayan gida da ƙarfin ƙafa suna lafiya. Amma tafiyar da ba ta wuce ƙofar gida ba gazawa ce babba ga 'yar shekara 63, kuma ba zan yarda a ce a bar ta da ƙwayoyi har illa ma sha Allahu ba. Ku yi hoton tsaye na dukan baya da MRI, a duba jinin ƙafar, a auna suga da ƙarfin ƙashi, a yi wata uku na gashi na gaskiya tare da gyaran sugan, kuna rubuta minti nawa take iya tafiya a farkon kowane wata. Idan ta samu sauƙin da ya gamsar da ita, a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12 a kwatanta. Idan ba ta samu ba, kuma MRI ya nuna matsewa a mataki ɗaya ko biyu, bayanta yana miƙewa a kwance, layin gefe bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, to aikin tsakiya ne ya fi dacewa a tattauna, domin a digiri 38 buɗe jijiya ba ƙarfe yana da haɗarin ƙara karkatar da ita. Babban gyara sai idan layin ya doshi santimita 9 ko 10, bayan ya sandare, ƙashinta da zuciyarta sun ci jarrabawa, kuma ita da bakinta ta ce ta yarda ta bar zaman tabarma don ta samu tsayuwa.